Tarihin Gano Ƙwayar Halitta

Abin da ya jawo wannan rubutu wata 'yar magana ce da aka yi a gidanmu cikin hutun da ya wuce. Ina da ƙanwa 'yar shekara 11 mai fama da ciwon nan da muke kira amosanin jini, wanda 'yan asibiti suke ce wa sikila. Da hunturu ya kankama sai ciwon ya tashi, muka kwana uku a asibiti, har sai da aka ƙara mata jini. Bayan mun komo gida, kakarmu, watau mahaifiyar babanmu, ta kira ni ɗakinta ta ce, "Maigidana, kai da kake jami'a, gaya mini, mene ne a jinin yarinyar nan wanda babu shi a jinin sauran jikokina?" Na ce, "Hajiya, ƙwayoyin jininta ne suke lanƙwashewa kamar lauje." Ta dube ni ta ce, "Jini ai ruwa ne. Shekara nawa ina gyaran naman layya, ban taɓa ganin ƙwaya a cikin jini ba. Wa ya gan ta? Da wane ido?"

Na yi shiru, don kuwa ba ni da amsa. Ga shi kuma na san abin da ke ƙarƙashin tambayar. An daɗe ana ƙus-ƙus a dangi cewa wai mahaifiyarmu ce ta kawo wannan ciwo daga gidansu.

Da muka koma makaranta sai na tasa abokin kwanana a gaba, shi ɗalibin likita ne. Ya yi mini dariya tukuna, ya ce wannan ba gonar 'yan Sashen Hausa ba ce, sa'an nan ya ba ni aron littattafai, ya kuma kai ni ɗakin gwaji. A can aka ɗaye ɗan siririn tantanin da ke tsakanin ɓawon albasa, aka ɗiga masa ruwan aidin, aka sa a ƙarƙashin madubin likita. Abin da na gani kamar ginin bulo, jeri bisa jeri, kowane bulo da ɗan ɗigo a cikinsa. Wannan bulo shi ne ƙwayar halitta. Duk mai rai, daga rimi har zuwa ƙuma, da irinsa aka gina shi. Kowace ƙwaya tana da tantani da ya kewaye ta, da wani ruwa mai kauri a ciki inda ake aikace-aikacen rayuwa, da yawa daga cikinsu kuma suna da cibiya inda aka ajiye bayanin gado. Jikin baligi yana ɗauke da kimanin tiriliyan 30, watau miliyan sau miliyan har sau 30, mafi yawansu kuwa jajayen ƙwayoyin jini ne. In aka jera waɗannan gefe da gefe, sai an sami wajen 130 kafin su cika milimita guda. Idon mutum kuwa ba ya rarrabe abin da ya kasa kashi ɗaya cikin goma na milimita. Ashe Hajiya tana da gaskiyarta. Saura tambayarta ta biyu, wadda ita ce ta tarihi.

Mutumin da ya raɗa suna

Ilmin haske da gani tsoho ne. Ibn al-Haisam, mutumin Basra wanda ya rasu a Alƙahira wajen shekarar 1040, ya rubuta Kitab al-Manazir, inda ya tabbatar da cewa haske ne yake shiga ido, ba ido ne yake fitar da haske ba, aka kuma fassara littafin zuwa Latinanci, Turawa suka yi ta karatunsa. Wajen ƙarshen ƙarni na 13 aka fara yin tabarau a Italiya. A farkon ƙarni na 17 masu sana'ar tabarau na ƙasar Holan suka gane cewa in an sa gilashi biyu a bututu ɗaya, ana iya jawo abin da ke nesa, ana kuma iya ƙara wa ƙaramin abu girma.

A shekarar 1665, zamanin da Bawa yake sarautar Kano, wani Bature mai suna Robert Hooke ya buga littafi a Landan mai suna Micrographia. Shi ne mai shirya gwaje-gwaje na Ƙungiyar Masana ta Sarkin Ingila, wadda aka kafa a 1660. Ya cika littafin da zanen abubuwan da ya duba da madubinsa: tsinin allura, da bakin aska, da idon ƙuda, da ƙuma, da ƙwarƙwata riƙe da gashin mutum. A cikin waɗannan akwai toshiyar kwalba, wadda ake yi da ɓawon wani itace da ke fitowa a Fotugal da Sifen. Hooke yana so ya san dalilin da ya sa ba ta da nauyi, ba ta kuma nitsewa a ruwa. Sai ya wasa wuƙarsa, ya yanko sala siririya, ya ɗora a kan baƙin faranti, ya haska ta. Ya ga duk ramuka ne ƙanana masu bango, kamar saƙar zuma. Bai tsaya nan ba, sai da ya ƙirga. Ya sami ramuka wajen 60 a kashi ɗaya cikin 18 na inci, watau 1,080 a inci guda, ya lissafa tsawo da faɗi da zurfi, ya ce inci ɗaya mai kusurwa yana ɗauke da 1,259,712,000.

Sunan da ya ba su shi ne ya fi jan hankalina, ni ɗalibin harshe. Ya ɗauko kalmar da asalinta a Latinanci take nufin ƙaramin ɗaki. Kalmar nan ba baƙuwa ba ce a wurin Bahaushe, don ita ce "sel" ɗin da ake kulle mutum a ciki a caji ofis. To, amma abin da Hooke ya gani matacce ne. Masu ɗakin sun daɗe da mutuwa, bango kawai suka bari. Ya ga kango, ya raɗa wa kango suna, sunan kuma ya bi mai gida har yau, shekara 360 ke nan. Shi ya sa a ganina waɗanda suka zaɓa mana "ƙwayar halitta" sun fi Hooke dacewa, domin ƙwaya aba ce mai ciki, wadda ake shukawa ta tsiro. Wasu suna cewa "tantanin halitta". Ni ban goyi bayan wannan ba, don tantani shi ne abin da ya rufe ƙwayar daga waje, yin haka kuwa maimaita kuskuren 1665 ne da Hausa.

Mai sayar da yadi na Delft

Wanda ya fara ganin masu ɗakin da ransu ba malamin jami'a ba ne. Sunansa Antonie van Leeuwenhoek, an haife shi a garin Delft na ƙasar Holan a 1632, sana'arsa sayar da yadi, daga baya kuma ya sami aikin kula da zauren majalisar gari. Masu sayar da yadi na wancan zamani sukan riƙe ɗan gilashi don ƙirga zare su san ingancin saƙa. Shi kuwa sai abin ya zame masa jaraba. Ya koyi yin gilashi ƙanƙane, wani bai kai ƙwayar gero ba, ya maƙala shi tsakanin ƙarfe biyu, ya kafa abin dubawa a tsinin allura, ya kai dab da ido. Gilashi ɗaya tak, amma a cikin waɗanda suka rage har yau akwai mai ƙara girma fiye da sau 250, alhali na Hooke bai wuce sau 50 ba.

Ya fara aika wa masanan Landan wasiƙu a 1673. A 1674 ya ɗebo ruwan wani tabki kusa da garinsu, ya ga wasu 'yan halittu suna iyo a ciki. A shekarar ce kuma ya huda yatsansa ya duba jininsa, ya ga ashe jan da ke cikin jini ƙananan dunƙulalliyar ƙwaya ne masu yawo cikin ruwa garai-garai. Wani ɗan ƙasarsu, Jan Swammerdam, ya riga shi ganin irinsu a jinin kwaɗo, amma Leeuwenhoek ne ya bayyana na mutum har ya kimanta girmansu, ya ce guda 100 a jere ba su kai ƙwayar yashi mai gwaɓi ba. Ga amsar Hajiya ke nan: ɗan kasuwa ne ya gani, da idon gilashi.

A 1676 ya jiƙa masoro a ruwa na 'yan makonni, wai yana so ya gano abin da ke sa shi yaji a harshe. Bai gano wannan ba. Abin da ya samu shi ne ruwan ya cika maƙil da halittu waɗanda suka fi duk na baya ƙanƙanta, su ne muke kira bakteriya a yau. Masanan Landan suka ƙi yarda. Wa zai gaskata mai kanti da ya ce akwai dubban dabbobi a ɗigon ruwa? Sai da ya tara shaidu, har da limaman coci, suka duba suka sa hannu. A ƙarshen 1677 Hooke da kansa ya jiƙa nasa masoron, ya gani, ya nuna wa 'yan ƙungiya, sa'an nan magana ta mutu. A 1680 suka shigar da shi cikinsu. A 1683 ya kankaro dattin haƙoransa da na wani tsoho da bai taɓa wanke baki ba, ya rubuta cewa halittun da ke bakin mutum ɗaya sun fi mutanen ƙasarsu duka yawa.

Akwai abubuwa biyu game da wannan mutum da nake so 'yan'uwana ɗalibai su lura da su. Na farko, bai iya Latinanci ba, harshen ilmi na Turai a lokacin, bai kuma iya Ingilishi ba. Duk wasiƙunsa da harshen uwarsa ya rubuta su, irin na kasuwa, masana suka ɗauki wahalar fassarawa domin abin da ke ciki ya isa a wahala a kansa. Na biyu kuwa abin takaici ne. Bai koya wa kowa yadda yake yin gilashinsa mafi kyau ba. Baƙi suna zuwa, har da Sarkin Rasha Bitrus a 1698, ya nuna musu abin da ya ga dama, ya ɓoye sauran. Da ya mutu a 1723 yana da shekara 90, sai sanin ya bi shi kabari, kamar dai yadda muke gani wurin wasu masu maganin gargajiya namu. Madubai 26 da ya bar wa ƙungiyar Landan wasiyya ma daga baya sun ɓace.

Daga nan sai aka yi fiye da shekara 100 ana tafiyar hawainiya. Laifin na kayan aiki ne. Madubi mai gilashi biyu na wancan zamani yakan kewaye kowane abu da launuka kamar bakan gizo, hoto ya yi dishi-dishi, kowa ya ga abin da zuciyarsa ta raya masa. Har wani babban likitan Faransa, Xavier Bichat, wanda ya kasa naman jikin mutum gida 21, ya ƙi amfani da madubin sam, bai amince da shi ba. Sai a 1830 wani mai sayar da giya a Landan, Joseph Jackson Lister, ya nuna yadda za a haɗa gilasai iri dabam-dabam su gyara aibin juna. Shekara guda bayan haka Robert Brown, masanin tsirrai, ya lura cewa kowace ƙwaya ta furen da yake dubawa tana da ɗigo guda a ciki, irin wanda na gani a albasa. Ya kira shi da kalmar Latinanci mai nufin ƙwallon da ke cikin ɓawo, kamar a ce ƙwayar gyaɗa. Shi ne nukiliyas, ni kuwa cibiya nake ce masa a nan.

Mutanen Barlin

Abin da ya rage shi ne wani ya haɗa waɗannan gutsattsarin ya ce magana ɗaya ce. An yi wannan a Barlin, jim kaɗan bayan rasuwar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a 1837. Matthias Schleiden lauya ne da ya bar shari'a ya koma nazarin tsirrai. Theodor Schwann kuwa almajirin shaihun malami Johannes Müller ne, yana nazarin jikin dabbobi. Wata rana suna cin abinci tare, Schleiden ya ba shi labarin cibiyar da yake gani a ƙwayoyin tsirrai, sai Schwann ya tuna ya ga irinta a jikin 'ya'yan kwaɗi tun suna da wutsiya. Suka tafi ɗakin gwaji suka duba tare. A 1838 Schleiden ya buga cewa duk tsiro tarin ƙwayoyi ne. A 1839 Schwann ya buga littafin da ya ce haka abin yake ga dabba, ko ƙashi ne, ko guringuntsi, ko fata, ko gashin tsuntsu, ko ƙwai.

Wannan ba ƙaramar magana ba ce, a ce tubalin da aka gina mutum da shi ɗan'uwan na albasa ne. Amma littattafan makaranta sukan tsallake kuskuren da suka yi. Da aka zo kan inda sabuwar ƙwaya take fitowa, sai suka ce wai daskarewa take yi daga wani ruwa na jiki, kamar yadda kanwa ke fitowa a bakin tabki in ruwa ya janye. Sun faɗi haka ne alhali tun a 1832 Barthélemy Dumortier na Beljiyam ya ga ƙwayar gansakuka tana rabewa biyu.

Kada mu yi musu dariya da yawa. Tunanin cewa rai yana iya tsirowa daga abin da ba shi da rai yana nan kwance a harshenmu ma. Mukan ce nama ya yi tsutsa, wake ya yi ƙwari, kamar naman ne ya ƙaga tsutsar da kansa. Turawa sun riƙe wannan tun zamanin Aristotle. Francesco Redi na Italiya ya nuna a 1668 cewa in an rufe nama da ƙyalle mai shara-shara yadda ƙuda ba zai sauka ba, tsutsa ba ta fitowa, amma sai aka ce to, ƙananan halittun Leeuwenhoek fa? Wannan gardama ba ta kwanta ba sai wajen 1860, da Louis Pasteur ya tafasa romo a kwalba mai lanƙwasasshen wuya, iska tana shiga amma ƙura ba ta kaiwa, romon ya zauna bai lalace ba.

Wanda ya gyara kuskuren Schwann shi ne mutumin da aka fi zalunta a wannan tarihi. Robert Remak shi ma almajirin Müller ne, Bayahude daga garin Posen. A 1841 ya huda jijiyar ɗan tsako tun yana cikin ƙwai, ya ga ƙwayoyin jini suna tsukewa a tsakiya suna zama biyu. Ya yi shekara 11 yana bin abin, ya duba ƙwan kwaɗo tun daga rabuwar farko, a 1852 ya bayyana cewa babu wata hanya da ƙwaya ke samuwa sai ta rabuwar wadda ta riga ta, ko a lafiyayyen jiki ko a ƙari. Abokinsa Rudolf Virchow ya daɗe yana kan ra'ayin Schwann. A 1855 sai ya juya, ya rubuta maganar Remak a matsayin tasa, ya ɗaure ta da gajeren kirari na Latinanci mai sauƙin haddacewa, bai ambaci mai ita ba. Yau duk ɗan sakandare da ya yi ilmin halittu ya san Virchow. Remak kuwa, saboda addininsa, ba a taɓa ba shi cikakkiyar kujerar farfesa ba har ya mutu a 1865 yana da shekara 50. Na tambayi abokin kwanana ko ya san shi, ya ce ya taɓa jin sunan a darasin jijiyoyi.

Duk da haka ba za a hana Virchow nasa ba. Littafinsa na 1858 shi ne ya ɗauke cuta daga inda tsofaffin likitoci suka ajiye ta ya kai ta cikin ƙwaya. Kafin nan, tun daga Galen, ana ganin lafiya daidaituwar ruwaye huɗu ce a jiki, da zafi da sanyi da danshi da bushewa, ra'ayin da ya iso mu ta littattafan tibbu na Larabci, wanda har yanzu muke jin amonsa in an ce wane sanyi ne ya kama shi. Virchow ya ce in mutum ya yi ciwo, a nemi ƙwayoyin da suka lalace a duba su. Duk wanda aka taɓa ɗibar jininsa aka kai ɗakin gwaji, wannan ra'ayi ne ya bi da shi.

Aikin marina

Ƙwaya mai rai kusan ba ta da launi, duba cikinta kamar neman farin zare ne a cikin nono. Marina ce ta kawo mafita. A 1856 wani yaro ɗan shekara 18 a Landan, William Perkin, yana ƙoƙarin haɗa kwinin, maganin zazzaɓin cizon sauro, daga kwaltar gawayin ƙasa, sai ya sami rini mai ruwan shuni-shuni. Masana'antun Jamus suka rungumi sana'ar, suka fito da launuka barkatai. Waɗannan rinin kanti su ne daga bisani suka karya kasuwar baba a duniya, amma a ɗakin gwaji sun yi rana, domin kowane sashe na ƙwaya da irin rinin da yake kamawa.

Da su ne Walther Flemming na Kiel ya bi ƙwayoyin wata halitta mai kama da ƙadangare da ke zama a ruwa, ya ga wasu zaruruwa a cikin cibiya suna kauri, suna jeruwa a tsakiya, kowanne ya tsage biyu a tsaye, rabi ya yi gabas rabi ya yi yamma, sa'an nan ƙwayar ta rabu. Ya buga wannan a 1882. A 1888 aka sa wa zaruruwan suna kuromosom, wanda in an fassara daga Girkanci ma'anarsa jiki mai launi, ko mu ce mai-kama-rini. Dubi dai yadda sunayen nan da suke firgita mu suke: ɗaki, ƙwallo, mai-kama-rini. Mitokondiriya, inda ƙwaya ke ƙona abinci ta sami ƙarfi, ba ta wuce "zare da tsaba" ba. Mutane ne suka ga abu suka kwatanta shi da abin da ke gidajensu.

Tun a 1869 wani saurayi ɗan Suwizalan, Friedrich Miescher, yana karɓo tsofaffin bandeji daga asibitin Tübingen yana wanke mugunyar da ke jiki, ya ciro wani sinadari daga cibiyar fararen ƙwayoyin jini. Shi ne DNA. Ba a tabbatar cewa shi ke ɗauke da gado ba sai a 1944, ba a kuma san siffarsa ba sai a 1953.

Ga wani abin da ya kamata ya ba ɗalibi tsoro. A 1923 wani masani a Amurka, Theophilus Painter, ya ƙirga kuromosom na mutum ya ce 48 ne. Aka sa a littattafai. Shekara 33 masu bincike suna dubawa suna samun 48, don sun san abin da ya kamata su samu. Sai a 1956 Joe Hin Tjio da Albert Levan, a Lund ta ƙasar Suwidin, suka baza zaruruwan sosai suka ƙirga, suka ce 46 ne, 23 daga uwa, 23 daga uba.

Sauran labarin na injuna ne, zan taƙaita. A 1873 Ernst Abbe, mai aiki da kamfanin Zeiss a Jena, ya nuna da lissafi cewa madubin da ke aiki da haske yana da iyaka, ba zai rarrabe abin da ya kasa kashi ɗaya cikin 5,000 na milimita ba, komai gwanintar maƙeri. A 1931 Ernst Ruska da Max Knoll suka ƙera wanda ke aiki da lantarki maimakon haske. A 1945 aka ɗauki hoton cikakkiyar ƙwaya da shi a New York, sai ga abin da ake zato ruwa ne kawai ya zama gari guda, da masaƙa inda ake haɗa furotin, da rumbuna, da hanyoyi, da wurin zubar da shara. A 1967 kuma Lynn Margulis ta kawo hujjoji cewa mitokondiriya asalinta bakteriya ce da wata ƙwaya ta haɗiye tun fil azal suka zauna tare. Mujallu wajen 15 suka ƙi buga takardar. Yau ita ake koyarwa.

Lauje

A 1880 wani likitan sojan Faransa, Alphonse Laveran, yana aiki a Kusantina ta ƙasar Aljeriya, ya duba jinin wani soja mai zazzaɓi ya ga wata halitta tana motsi a ciki. Ita ce ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, wadda take shiga cikin jan ƙwayar jini ta hayayyafa har ta fasa ta. A 1910 kuma likita James Herrick na Shikago ya buga labarin wani ɗalibi baƙar fata daga tsibirin Giranada mai yawan ciwo da ƙarancin jini. Mataimakinsa Ernest Irons ne ya fara duba jinin, ya ga ƙwayoyi dogaye masu lanƙwasa kamar lauje. Daga kalmar Ingilishi ta lauje ne muka sami "sikila". Ciwon kansa ya daɗe a Afirka, kakanninmu sun san shi sun ba shi suna, siffar ƙwayar ce ba su da abin gani.

A 1949 Linus Pauling da abokan aikinsa suka nuna cewa aibin yana cikin himogulobin, sinadarin da ya cika jan ƙwaya, mai ɗaukar iskar numfashi. A 1956 Vernon Ingram a Kambirij ya gano ainihin wurin: a sarƙa mai ɗiya 146, ɗiya ɗaya ce tak aka musanya, ta shida. In iska ta yi ƙaranci, sai wannan himogulobin ya manne da juna ya zama sanduna, ya tanƙware ƙwayar. Lafiyayyar ƙwaya mai laushi ce, tana lanƙwasa ta wuce ta siririyar jijiya, tana kuma yin kwana 120. Mai lauje tana da tauri, tana toshe hanya, shi ne azabar da ke sa ƙanwata kuka da ƙafa da baya, kuma ba ta wuce kwana 10 zuwa 20 take mutuwa, shi ne ƙarancin jinin da rawayar ido.

Me ya sa ya yi yawa a ƙasarmu? Anthony Allison ya amsa wannan a 1954 bayan bincike a Afirka ta Gabas: wanda ya gaji abin daga gefe ɗaya kawai, watau mai AS, ba ya ciwon, kuma ya fi jure wa mugun zazzaɓin cizon sauro tun yana yaro. Saboda haka inda sauro ya yi yawa, masu AS suka fi rayuwa su haifa. A Nijeriya kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da shi. In mai AS ya auri mai AS, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS. Wannan ne ya sa gwajin yake cikin dokar gwaji kafin aure da Jihar Kano ta kafa a 2024.

Da na je gida hutun tsakiyar zango, na sami Hajiya bayan sallar la'asar na kwashe labarin nan na gaya mata, gwargwadon yadda zai shiga. Labarin mai sayar da yadi ya yi mata daɗi, ta ce ashe 'yan kasuwa sun san wani abu ban da riba. Da na zo kan 23 da 23 sai na rage murya. Na ce, "Hajiya, yaro ba ya yin wannan ciwo sai ya samo daga uwa ya kuma samo daga uba. Baba ma yana ɗauke da shi. Shi kuma daga wurinki ya samo, ko daga wurin marigayi Malam."

Ta daɗe tana jan carbi ba ta ce komai ba. Can sai ta ce kafin a haifi babanmu ta yi 'ya'ya biyu maza, dukansu hannuwansu da ƙafafunsu sukan kumbura tun suna rarrafe, ba wanda ya kai shekara biyar, aka ce mayu ne. Ban taɓa jin wannan ba, babanmu ma ya ce sunayensu kawai ya sani. Da magariba ta gabato ta aika a kira mata mahaifiyarmu, suka shiga ɗaki su biyu, ni kuwa aka ce in tafi masallaci.

Washegari da zan komo makaranta ta ce in tambayi abokin nan nawa ko ana barin tsofaffi su leƙa madubin. Na tambaya, mai kula da ɗakin gwaji ya ce a kawo ta ranar Asabar da babu ɗalibai. Ta aiko mini cewa za ta zo da albasarta.